Ranar harba ƙananan rokoki a Sakkwato: izini, fili, inji da laima

Ƙaramar rokar da ƙungiyoyin ɗalibai da masu sha'awar kimiyya ke harbawa ba ta da wuyar haɗawa. Bututun kwali ne mai tsawon santimita 30 zuwa 60, da fukafukai uku ko huɗu na katako marar nauyi, da hanci na roba, sai ɗan inji na kamfani da ake zurawa ta gindi. Ɗan aji ɗaya na sakandare zai haɗa ta cikin yini guda. Ranar harbi ce ke da aiki, kuma a Sakkwato abubuwa huɗu ne ke yanke hukunci tun kafin a taɓa maɓalli: izini, iska, zafin rana da busasshiyar ciyawa.

A fara da izini

A yankin da ke fama da matsalar tsaro, abin da ya tashi sama da ƙara da hayaƙi daga bayan gari ba wasa ba ne a idon wanda bai san da zancen ba. Ku rubuta takarda aƙalla mako biyu kafin ranar, da sunan makaranta ko sashen jami'ar da ƙungiyar ke ƙarƙashinsa. A kai wa DPO na yankin, a kai wa hakimi da mai unguwa, a nemi yardar mai fili. Takardar ta faɗi rana da sa'o'i, da wurin, da girman injinan, da tsayin da ake sa ran rokar za ta kai, da sunan malamin da ya ɗauki alhaki. In za ku je fadar hakimi, ku riƙe roka guda wadda ba inji a cikinta. Idan aka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin, kwali ne da gam," kuma ya ɗauka ya ji nauyinta, an gama rabin bayani.

Dokokin zirga-zirga a sararin saman ƙasar nan suna hannun NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama. Ku nisanci filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke kudu da gari da hanyar saukar jiragensa, ku nisanci barikin Giginya da duk wani shingen jami'an tsaro, kuma ku sanar da hukumomin filin jirgin a rubuce.

Inji kuwa na kamfani ne kawai, irin na Estes da ke Amurka. Akwai albarushi a cikinsa, don haka ba a saka shi cikin kaya a jirgin fasinja, kuma shigo da shi sai da takardun izini na kayan fashewa, abin da makaranta ko jami'a ce za ta nema, ba ɗalibi ba. Kada kowa ya ce zai haɗa nasa da albarushin mafarauta, ko kan ashana, ko taki, a ɗura a bututun ƙarfe. Wannan bam ne. Abin da ya haifar da wannan wasa ke nan tun asali: matasa a Amurka suna ta rasa yatsu da idanu wajen haɗa makamashi a gida, sai Orville Carlisle, wani mai sayar da takalma, da injiniya G. Harry Stine suka fito da injin kwali da ake saya a shirye, aka kafa NAR, ƙungiyar masu harba ƙananan rokoki ta Amurka, a 1957. Ƙa'idojin nisa da faɗin fili da za ku gani nan ƙasa nata ne. Ƙungiyar da ba ta samu inji ta halal ba, ta harba rokar ruwa, bayaninta na tafe.

Fili da lokaci

Faɗin fili ya danganta da harafin inji, wato harafin da ke jikinsa mai nuna ƙarfinsa. Mafi ƙarancin tsawon kowane gefe shi ne mita 30 ga injin A, mita 60 ga B, mita 120 ga C, mita 150 ga D. Filin ƙwallo ya ishi A da B. Bai ishi C ba, ko da ido ya ce ya isa. Kada a samu manyan wayoyin lantarki, ko titi mai motoci, ko garke kusa. Dogon yaro da gawo suna cinye laima, wato ledar da ke buɗewa ta sauko da roka a hankali, in ta maƙale a sama sai haƙuri.

Bayan kaka gonaki sun zama fili fetal, amma a lokacin ne karan gero da harawa da zana suka bushe ƙamas. A share da'ira mai faɗin mita 3 ta kowane gefe na dandamali, wato inda ake kafa roka a harba, har a ga ƙasa tsirara, in akwai ruwa a yayyafa. A ajiye bokitin ruwa biyu, bokitin yashi ɗaya da tukunyar kashe gobara, a kuma naɗa mutum biyu da ba su da wani aiki sai kallon inda wuta za ta iya kamawa. In akwai rumbu ko tarin kara a gefen da iska ke nufa, a canza wuri.

Iyakar iska ita ce kilomita 32 a sa'a, amma wannan iyaka ce ta ƙarshe. Ga ƙananan rokoki, da zarar ta wuce kamar kilomita 15 a sa'a, dawowar roka sai an yi dace. Lissafin mai sauƙi ne. Rokar da ta kai mita 300, tana saukowa mita 4 a sakan, za ta yi sakan 75 a sama. Iska mai gudun mita 5 a sakan za ta kai ta mita 375 daga inda ta tashi, wato cikin gidan wani ko gonar albasar wani. Da hunturu iskar arewa maso gabas takan kwanta da asuba, ta taso da hantsi, don haka a fara da fitowar rana a gama kafin ƙarfe tara, ko a bari sai bayan la'asar. Ranar da hazo ya rufe gari a ɗage, domin ba a harba abin da ido ba zai bi ba. Da bazara kuma tsakar rana ta guguwa ce. A kafa sanda da zirin leda a kanta a gefen fili: in ledar ta miƙe sambal ba ta faɗuwa, a dakata.

Karanta lambar inji

A jikin kowane inji akwai lamba kamar A8-3, B6-4 ko C6-5. Harafin yana nuna jimillar ƙarfi, kuma kowane harafi ninki biyu ne na wanda ya gabace shi: A ya tsaya a niyuton-sakan 2.5, B a 5, C a 10, D a 20. Lambar farko matsakaicin ƙarfin turi ne da niyuton, wato ma'aunin ƙarfin turi. Lambar bayan layi ita ce sakan nawa injin zai jira bayan wuta ta ƙare kafin ɗan albarushin da ke samansa ya tashi ya tunkuɗo laima. Wutar kanta ba ta daɗewa, ta A8 ba ta kai sakan ɗaya ba, ta C6 kusan biyu. Sauran hawan duk da saurin da rokar ta riga ta samu ne.

Lambar jiran nan ita ce aka fi kuskurewa. Ana so laima ta fito daidai lokacin da roka ta kai ƙololuwa ta rage gudu. In jiran ya yi gajere, laima za ta buɗe rokar na tsananin gudu, zaren ya tsinke ko igiya ta tsaga bakin bututu. In ya yi tsawo, rokar ta riga ta juyo da kai ƙasa, mai nauyi ma tana iya dasa hanci a ƙasa kafin laima ta fito. Roka mai nauyi ko mai kauri tana son gajeren jira, siririya marar nauyi tana son dogo. Injin da lambarsa ta ƙare da sifili, kamar C6-0, na roka mai hawa biyu ne, wadda inji ɗaya ke kunna wani, ba na roka mai inji ɗaya ba ne sam. Akwai kuma iyakar nauyin da kowane inji zai ɗaga, an rubuta a takardarsa. Ta C6-5 wajen gram 113 ce har da injin. A zo da ƙaramin sikeli. Sabuwar roka kullum da mafi ƙanƙantar injin da aka yarje mata ake fara gwada ta.

Ga abin da ya shafe mu fiye da masu sanyi. Albarushin cikin inji matse shi aka yi ya zama dunƙule guda manne da kwalin. In ya sha zafi ya huce, ya sake sha ya huce, sai ya tsage ko ya saki jikin kwali. Ba a ganin tsagar daga waje. Da an kunna, wuta ta bi tsagar ta ci albarushin gaba ɗaya lokaci guda, injin ya fashe ko ya watso wuta ta sama ya ƙone rokar. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, injin da ya wuni a but ɗin mota ko ƙarƙashin kwanon ɗaki ya zama abin zargi. A ajiye su cikin kula marar ƙanƙara, a ɗaki mai inuwa, nesa da risho da janareta. Wanda ya faɗi a kan siminti ma a ware shi. Wanda aka yi shakkarsa, a jiƙa shi cikin ruwa har kwalin ya warware, a zubar.

Teburin dubawa

Kowace roka ta bi ta hannun mai kula da fili kafin ta je dandamali, ko ta shugaban ƙungiya ce. Zai girgiza kowane fiffike ya ji ko gam ya kama, ya duba ɗan bututun gefe da sandar harbi ke ratsawa ko ya miƙe da jiki, ya ja igiyar roba da ta haɗa hanci da jiki. Igiyar ta kai ninki biyu zuwa uku na tsawon roka. Roba tana mutuwa da wuri a zafin nan, in ta yi fari-fari ko ta daina dawowa a canza ta.

Sai daidaito, wanda shi ke raba rokar da za ta miƙe da wadda za ta yi ta wulwulawa a kan mutane. A saka inji da laima, a ɗora rokar a kan yatsa a nemo inda ta tsaya ba ta rinjaya ba, nan ce cibiyar nauyi. Akwai kuma wurin da turin iska ke taruwa, can baya kusa da fukafukai. Dole cibiyar nauyi ta kasance gaba da shi da kaurin bututu ɗaya zuwa biyu. Manhajar OpenRocket kyauta ce, tana lissafa wannan a kwamfuta. A fili kuwa a ɗaura zare mai mita biyu a cibiyar nauyi, a manne da salatif, a wulwula rokar sama da kai. In hanci ya shiga gaba ya tsaya, ta yi. In tana tafiya a karkace ko da baya, a cusa ɗan yumɓun wasan yara cikin hanci, gram 5 a kowane ƙari, a sake gwadawa. Duk sanda aka koma inji mai girma a sake wannan gwaji, domin nauyin gindi ya ƙaru.

Shirya ta ba ya cin minti biyar. Da farko takardar kariya mai hana wuta, falle uku zuwa huɗu ga siririyar roka, a ɗan dunƙule su sako-sako a tura, har in an leƙa ba a hango inji. Takardar bayi ko auduga ba sa maye gurbinta, suna saukowa da wuta a jikinsu, kuma a kan ƙarangiya busasshiya kun san sauran. A barbaɗa wa laima hoda don kada leda ta manne, a naɗe ta siririya, a zagaya zaren sau biyu kawai, ta shige ba tare da an danna ba. Kada a naɗe tun daren jiya. Ranar iska a yanke rami mai faɗin santimita 5 a tsakiyar laima don ta sauko da wuri, ko, in rokar ba ta wuce gram 30 ba, a sa mata zirin leda mai tsawon ninki goma na faɗinsa maimakon laima. Hanci ya zauna yadda ba zai faɗo ba in an kifa rokar, amma ya fita da ɗan ja. In ya yi sako-sako a zagaya salatif, in ya matse a goge da sanfefa.

Wayar kunnawa, wato 'yar wayar da lantarki ke zafafawa ta kunna inji, ita ce ta ƙarshe. A tura kanta cikin ramin inji har ya taɓa albarushi, a toshe da ɗan marfin robarta, a raba ƙafafunta biyu.

Dandamali da ƙirga

Sandar harbi ƙarfe ce mai kaurin milimita 3 da tsawon kamar santimita 90 ga injin A zuwa C, mai milimita 5 ga D. Ita ke riƙe rokar har ta samu gudun da fukafukai za su fara aiki. A goge ta da tsumma bayan kowane harbi biyu ko uku, don ƙurar hunturu da toka suna sa roka ta cije. A ƙasanta a sa farantin ƙarfe da zai kare ƙasa daga wuta. In ba a harbi, a kifa gwangwani a kan sandar saboda idon mai sunkuyawa. Ba a karkata ta fiye da digiri 30 daga tsaye, kuma ba a taɓa karkata ta wajen mutane. A lura, roka mai kyan daidaito tana juya kai ta fuskanci iska da kanta, don haka in an karkata sanda sosai cikin iska sai ta kwanta. Digiri 5 zuwa 10 ya wadatar.

Da lantarki ake kunnawa, ba da ashana ko lagwani ba. Akwatin kunnawa yana da makulli mai cirewa da maɓallin da ke komawa da kansa in an saki. Batirin babur mai bolt 12 ya fi ƙananan batura huɗu aminci ga taron da za a harba da yawa. Wayar da ta haɗa akwatin da dandamali ta kai mita 5 ga injin D zuwa ƙasa, mita 9 ga abin da ya fi. A ja igiya a wannan nisan, 'yan kallo su tsaya bayanta, ba a gefen da iska ke nufa ba. Yaran unguwa za su zo ko an gayyace su ko ba a gayyace su ba, gara a ba manyansu biyu aikin tsare igiya.

Makulli yana wuyan mai kula da fili duk lokacin da wani ke wajen dandamali. Mai roka ya maƙala 'yan maƙalai biyu a ƙafafun wayar kunnawa, kada su taɓa juna, kada su taɓa faranti, ya dawo bayan igiya ya ce, "Malam, na gama." Mai kula ya dubi sama ko akwai jirgi, ya dubi fili, ya faɗi sunan mai roka da lambar inji da ƙarfi, ya sa makulli, a ƙirga daga biyar zuwa ɗaya, a danna a riƙe har ta tashi. Kowa a tsaye, ido a sama.

In an danna ba ta tashi ba, a cire makulli a jira sakan 60 cikakku da agogo kafin mutum ɗaya ya matsa. Kusan kullum ɗayan huɗu ne: maƙalai sun taɓa juna, ko toka ta rufe bakinsu, ko batir ya yi sanyi, ko kan wayar bai taɓa albarushi ba sai ya ƙone a banza. Na ƙarshen ya fi yawa. A sa sabuwar waya.

Sauran matsaloli ana gane su daga abin da ya sauko. Laima ta narke: takardar kariya ta yi kaɗan. Laima ta fito amma ba ta buɗe ba: an naɗe da ƙarfi ko ba hoda. Inji ya fice ta baya, hanci bai buɗe ba: ƙugiyar inji ba ta kama ba, ko hanci ya matse. Hanci ya tafi da laima, jiki ya faɗo shi kaɗai: igiyar roba ta tsufa ko ta yi gajere. Ba a cafe roka a sama, ba a bin ta da gudu sai mai kula ya ba da izini, kuma wadda ta sauka a kan wayar lantarki ta tafi ke nan, ko da gora kada a gwada.

Rokar ruwa

Ga yawancin makarantun Sakkwato wannan ce za ta samu, kuma duk darasin daidaito da iska yana cikinta. Ana amfani da robar lemo mai gas, ta lita ɗaya da rabi ko biyu. Robar ruwan sha ba ta da ƙwari, kwalba kuwa haramun ce a nan. Bakin robar shi ne gindin roka. A yanko saman wata robar a kifa a ɗaya gefen ya zama hanci, a sa yumɓu gram 30 zuwa 50 a ciki, a manna fukafukai uku na kwali mai tauri da salatif mai faɗi. Kada a sa gam mai zafi a jikin robar da za ta ɗauki iska, kada a huda ta, kada a kankare ta.

Ruwa kashi ɗaya cikin uku, wato kamar rabin lita ga robar lita ɗaya da rabi. In ya yi yawa ta yi nauyi, in ya yi kaɗan turin ya ƙare da wuri. A samo bawul na tayar mota wajen masu faci, da famfon keke mai agogo, da tiyo mai tsawon mita 5 don mai bugawa ya yi nisa. A fara da psi 40 a agogon famfon, wato ma'aunin matsin iska, kada a wuce 60. Sakin ya kasance da igiya daga nesa. Robar da ta daɗe a rana, ko ta yi fari a wani wuri, ko ta faɗi da ƙarfi sau da yawa, a yar da ita. Sabuwa kuma a cika ta da ruwa fal a gwada mata iska tukuna, domin in ta fashe cike da ruwa tsagewa kawai za ta yi. Tana haura mita 30 cikin sauƙi, kuma in ba laima da hanci take dawowa, saboda haka dokar igiya da ƙirga ba ta canzawa.

Auna tsayi

A auna mita 100 daga dandamali, a gicciye da iska. Ɗalibi ya tsaya nan da ma'aunin kusurwa na akwatin lissafi, an ɗaura masa zare da ɗan nauyi a tsakiya. Ya bi rokar da gefen ma'aunin har ƙololuwa, ya danne zaren, a karanta kusurwar da ya ɗaga daga kwance. Tsayi shi ne mita 100 sau tan na kusurwar: digiri 30 mita 58, digiri 45 mita 100, digiri 60 mita 173. In ana sa ran wuce mita 200, a ja baya zuwa mita 200, don kusurwa in ta haura 70 kuskuren digiri ɗaya yana ɓata lissafi sosai. Mutum biyu a gefe biyu sun fi ɗaya.

A rubuta kowane harbi a littafi: nauyi, lambar inji ko yawan ruwa da iska, yanayin iska, kusurwa, da yadda ta sauka. Injin da aka harba yana riƙe zafi na wasu mintuna, a bar shi ya huce kafin a zare, a jefa cikin bokitin ruwa, kuma ba a sake cika shi. A tsince takardun kariya da guntayen leda kaf saboda awaki, a zagaya gefen da iska ta nufa a tabbatar ba abin da ke hayaƙi, sannan a aika wa mai unguwa da ofishin 'yan sanda cewa an tashi.